Hoton Kaka Mai Kala: Yadda Ake Gane Launin Hannu, Launin Fim da Launin Manhaja

Matashiya

A 'yan shekarun nan wani abu ya zama yayi a wayoyin matasa. Sai a ɗauko tsohon hoton kaka daga ƙasan akwati, a ɗauke shi da waya, a saka a manhaja irin su Remini ko MyHeritage. Cikin 'yan daƙiƙu hoton baƙi-da-fari ya koma mai kala, fuska ta yi sumul, a tura zauren WhatsApp na dangi kowa na yaba fasaha. A garuruwa irin su Jega, Aliero da Maiyama a Jihar Kebbi, sau da yawa hoto ɗaya tak ya rage na wata tsohuwa, don haka duk abin da aka yi masa shi ne jikoki za su ɗauka a matsayin kamanninta da suturarta.

Tambayar da wannan darasi zai amsa ita ce: launin da ake gani a jikin zanen da ke cikin hoto, daga ina ya fito? Amsa uku ce. Ko dai wani ne ya shafa shi da buroshi, ko fim ne ya kama shi, ko kuma manhaja ce ta yi hasashensa. Biyu daga cikin ukun ba hujja ba ne a kan ainihin launin tufafin. Mai karatu zai ga yadda kowanne ke aiki, da yadda ake rarrabe su, da hanyar adana hoto ba tare da an ɓata shi ba.

Yadda aka fara shafa wa hoto launi

A shekarar 1839 aka bayyana fasahar Louis Daguerre a birnin Faris na ƙasar Faransa. Hoton yana fitowa ne a kan farantin tagulla da aka lulluɓe da azurfa. Ya fito da kamanni daidai, amma babu launi, kuma masu biyan kuɗi suka fara ƙorafi. Tun a wajajen 1840 wani mai zane ɗan ƙasar Suwizalan, Johann Baptist Isenring, ya fara sa wa irin waɗannan hotuna launi, sannan a 1842 Richard Beard ya yi rajistar tasa hanyar a Ingila.

Hanyar tana da sauƙin fahimta. Ana niƙa garin launi ya yi laushi sosai, a haɗa shi da ƙaro, a barbaɗa a kan inda ake so. Sai mai aikin ya hura numfashinsa a hankali a kan farantin. Danshin numfashin ne ke narkar da ƙaron, launin ya manne. Wannan ƙaro kuwa shi ne wanda ake ɗiba a jikin ɗakwara a ƙasashen bakin Sahara, kuma a wancan zamani mafi yawan wanda Turawa ke amfani da shi daga yankin Kogin Sanagal yake zuwa.

Daga 1850 hoto ya koma kan takarda mai rufin farin ƙwai, wadda Bafaranshe Blanquart-Evrard ya ƙirƙiro. Takarda ta fi karɓar launin ruwa, sai sana'ar ta bunƙasa. Inda ta fi shahara shi ne birnin Yokohama na ƙasar Japan, inda Felice Beato ya buɗe shago a shekarun 1860 ya ɗauki masu zane aiki. Hotunan matan Japan cikin rigunansu na gargajiya suka yi kasuwa a hannun baƙi. Darasi na farko ya fito tun daga nan: mai shafa launi yakan yi aikinsa ne bayan kwanaki, sau da yawa bai ma ga matar ba, shi ya sa ake samun kwafi biyu na hoto ɗaya, a wannan riga ja ce, a wancan shuɗiya.

Hoto mai kala na ainihi ya daɗe bai iso hannun talaka ba. 'Yan'uwan nan biyu na gidan Lumière sun fitar da farantin Autochrome a 1907, kamfanin Kodak ya fitar da fim ɗin Kodachrome a 1935 da Kodacolor a 1942, amma tsada da wahalar wanki suka sa buroshi ya ci gaba da aiki shekaru da dama.

Sana'ar a Afirka ta Yamma

Kyamara ta shigo wannan yanki ta bakin teku. Augustus Washington, baƙar fata daga Amurka, ya koma Laberiya a 1853 da kayan ɗaukar hotonsa. Gidan Lutterodt ya yi suna a Ankara tun shekarun 1870. A Najeriya akwai Jonathan Adagogo Green na Bonny, wanda ya rasu a 1905, da George Da Costa da ya buɗe shago a Legas a 1895. Wanda ya fi dacewa da wannan darasi shi ne Solomon Osagie Alonge na birnin Benin, mai ɗaukar hoton fadar Oba, wanda ya buɗe Ideal Photo Studio a 1942. An san shi da gyara hoto da shafa masa launi da hannu, kuma a 2014 an baje kolin ayyukansa a gidan tarihi na Smithsonian da ke Amurka.

A Bamako, Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a 1948. Hotunansa na mata baƙi-da-fari ne, kuma yana ajiye kayan ado a shago, irin su agogo da rediyo, domin mai zuwa hoto ya ara. Wannan darasi na biyu ne: abin da aka gani a jikin mutum a hoton situdiyo yana iya zama na aro. A Ghana kuwa, sai a wajajen 1970 James Barnor ya kafa wurin wanke hoto mai kala na farko a ƙasar, tare da kamfanin Agfa-Gevaert. Daga wannan mai karatu zai iya auna lokaci: hoton gida mai kala da aka ce an ɗauka a cikin ƙasar Hausa a shekarun 1950 ko farkon 1960, abu na farko da ya kamata a yi zato shi ne launin hannu.

Me ya sa batun ya shafi Jega da maƙwabtanta

Jega garin kasuwa ne tun asali. An kafa shi a wajajen 1820 a bakin Gulbin Zamfara, a ƙarƙashin Buhari ɗan Malam Abdussalami na Gimbana, cikin masarautar Gwandu. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 kasuwarsa ta shiga sahun manyan kasuwannin yammacin Daular Usmaniyya, inda fatake daga Kano, Nufe da ƙasar Yarabawa ke haɗuwa, tufafi kuma na cikin manyan hajojin da ake saye da sayarwa. Aliero da Maiyama suna kusa, kuma kasuwar Jega ce babbar mahaɗarsu.

Ma'anar wannan ita ce suturar matan yankin ta haɗa kala-kala: saƙi, wanda ake saƙawa da zaren baƙi da fari, da zane mai ratsin alharini ja, da turkuɗi da aka rina da baba aka buga har yana ƙyalli, da gyauto da fatala da kallabi. Daga baya atamfa ta shigo, ta Turai da kuma ta gida bayan da masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, sannan leshi da shadda, gyale, sai kuma hijabi da ya yaɗu daga baya. Kowane zane yana da labari: wanda aka sa a lefe, wanda aka saya da kuɗin sana'a, wanda aka gada.

Ga kuma al'adar kulle. Matar aure ba ta cika zuwa shagon hoto ba, don haka hotunan mata na da ba su da yawa. Galibi hoton 'yanmatanci ne, ko na biki, ko na fasfon aikin hajji, ko wanda aka kira mai hoto ya zo gida. Idan hoto ɗaya ne shaida, kuskure a cikinsa babu abin da zai gyara shi.

Abin da tsohon fim ke yi wa launi

Nan ne ilimin ya fi muhimmanci. Mutane na ɗauka cewa hoton baƙi-da-fari yana mayar da launi mai haske fari, mai duhu kuma baƙi, daidai yadda ido ke gani. Tsofaffin kayan hoto ba haka suke aiki ba.

Sinadarin azurfa da ke kama haske a asalinsa shuɗin haske ya fi ji. A 1873 Bajamushe Hermann Vogel ya gano yadda za a ƙara masa rini ya ji kore da rawaya. Ja kuwa sai daga 1906 aka fara sayar da farantin da ke jin sa, kuma ko bayan nan masu ƙaramin jari sun daɗe suna amfani da tsohon samfurin saboda arha, kuma ana iya wanke shi a ƙarƙashin jar fitila. Haka nan masu hoton bakin kasuwa, masu akwati mai ƙafa uku da ke wanke hoto nan take a cikin akwatin, da takardar hoto suke yin nagetif, ita ma takardar ba ta jin ja.

Sakamakon haka shi ne:

1. Jan zane yakan fito baƙi ƙirin, kamar an rina shi da baba.
2. Shuɗi mai haske yakan fito kusan fari.
3. Atamfa mai jan fure a kan baƙin fili tana iya fitowa kamar ba ta da zane ko kaɗan.
4. Lalle a hannu da ƙafa, da murjani a wuya, sukan fi duhu fiye da yadda suke.
5. Turkuɗi mai ƙyalli yana mayar da hasken rana, sai wasu wurare su yi fari fat.

Saboda haka baƙin zane a tsohon hoto yana iya zama baƙi, ko shuɗi mai duhu, ko ja. Bayanin launin bai shiga cikin hoton ba tun ranar da aka ɗauke shi, kuma babu na'urar da za ta fito da abin da ba a ajiye ba.

Yadda mai shafa launi ke aiki

A tsakiyar ƙarni na 20 aikin ya kasu gida biyu. Akwai launin ruwa ko rini, wanda ke shiga cikin fatar takarda. Akwai kuma launin mai, irin na kamfanin Marshall's, wanda ake shafawa da auduga a kan takarda marar sheƙi, a goge har hoton ya riƙa lekowa ta ƙarƙashinsa. Sau da yawa ana fara mayar da hoton ruwan ƙasa kafin a shafa, domin fata ta yi kyau. Kafin wannan ma, akan bi nagetif da fensir a rage tabo da tamoji.

Mai shafa launi yana da 'yan kwalabe ne kawai, kuma burinsa mai hoto ya ji daɗi ya biya. Yakan zaɓi launin da ya fi fitowa, ya ɗiga ruwan zinare a kan 'yan kunne da awarwaro ko da na azurfa ne ko na tagulla, ya sa ja a leɓe. Wani lokaci mai hoton ce da kanta za ta ce a yi mata zanen kore. Irin wannan hoto yana da daraja, domin yana nuna abin da mutanen lokacin ke ɗauka ado. Amma a kan launin zanen da aka ɗaura ranar, shaidarsa mai rauni ce.

Alamomin gane hoton da aka shafa da hannu

Ana buƙatar hasken taga da kyamarar waya mai iya kusanto abu, ko gilashin ƙara girma.

- A duba gefen kallabi da kafaɗa. Launin hannu yakan tsallake iyaka ko ya gaza kai wa.
- A duba ko wasu sassa kawai ke da launi, kamar zane, leɓe da sarƙa, bango da ƙasa kuma suna ruwan toka.
- A karkata hoton a gaban haske. Inda aka shafa launi yakan bambanta da sauran wajen sheƙi, wani lokaci har sawun buroshi ya bayyana.
- A duba inuwar cikin ninkin zane. A hoton hannu inuwar toka ce da launi ɗaya a kanta. A hoton fim launin yana canzawa daga haske zuwa duhu.
- A duba wurare masu duhu kusa da gefe. Idan suna walƙiya kamar madubi, azurfa ce ta taso, alamar takardar baƙi-da-fari ce.
- A juya baya. Hatimin shago, kwanan wata, ko sunan kamfanin takarda kamar Agfa, Ilford ko Kodak suna taimakawa wajen sanin zamani.

Hoton fim mai kala na shekarun 1970 da 1980 shi kuma yana da tasa cutar. Rini uku ne a cikin takardarsa, kuma ba sa koɗewa tare. Shi ya sa da yawa suka koma ja-ja ko ruwan goro. A irin wannan hoton, launin asali yana nan ko da ya raunana, kuma manhajar gyaran hoto na iya dawo da wani ɓangarensa.

Yadda manhaja ke yin nata

Manhajojin sa launi suna aiki da ƙirƙirarriyar basira. Ana raba hoto gida biyu, bayanin haske da duhu a gefe ɗaya, bayanin launi a ɗaya gefen. A lokacin horo, ana ba kwamfuta hotuna masu kala, a cire musu launin, a ce ta yi hasashe, sannan a nuna mata amsa. A 2016 Richard Zhang da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun horar da irin wannan tsari da hotuna sama da miliyan ɗaya. A 2018 Jason Antic ya fitar da DeOldify, wanda MyHeritage ta ɗauka ta sa a manhajarta a 2020.

Tsarin yana yin daidai a kan abin da launinsa sananne ne, kamar sama da ganye. A kan tufafi kuwa caca yake yi, domin zane na iya zama kowane launi. Idan ya rasa tabbas sai ya zaɓi tsaka-tsaki, shi ya sa tufafi ke yawan fitowa ruwan ƙasa ko shunayya mai dishi-dishi. Kuma hotunan da aka horar da shi da su galibi daga intanet aka kwaso, inda saƙi da turkuɗi ba su da yawa.

A ɗauka wata ɗaliba a jami'ar da ke Aliero ta saka hoton kakarta sanye da zane mai ratsin alharini. Tsohon fim ya riga ya mayar da jan ratsin baƙi. Manhaja ta ga baƙi, ta sa masa shuɗi. Hoton ya zaga wayoyin dangi, aka buga shi a babban firem. Bayan shekara ashirin, jikoki za su rantse kakarsu shuɗin zane ta ɗaura.

Manhajojin gyara fuska sun fi wannan haɗari. Ba sa tono abin da ya dushe, sabuwar fuska suke ginawa daga fuskokin da suka koya. Tsagar gado, wadda a ƙasar Kabi take nuna ko mutum Bakabe ne, Bagobiri ko Ba'are, manhaja na iya ɗaukarta a matsayin ƙarzuwar takarda ta shafe ta. Tana iya haskaka fata, ta sauya tsarin kitso, ta mayar da kwalli inuwa. Abin da ya bambanta tsohuwar da kowa shi ne farkon abin da ke tafiya.

Matakan adana hoto

1. A wanke hannu a busar, a riƙe hoton ta gefe. Kada a goge shi da ruwa, yawu ko man shafawa, domin launin hannu yana narkewa.
2. Kada a kai shi a yi masa lamineshin. Zafin na'urar da gam ɗinta suna lalata hoto, kuma ba a iya cire robar daga baya.
3. Idan hoton ya manne da gilashin firem, kada a ɓamɓare shi. A ɗauke shi yadda yake.
4. Idan akwai sikana a shagon kwamfuta, a nemi a sa ta a kan ɗigo 600 a kowane inci, a yanayin kala ko da hoton baƙi-da-fari ne, a kashe gyaran kai-tsaye. Hoto mai inci 4 da 6 zai ba da ɗigo 2400 da 3600. A ajiye shi a tsarin TIFF ko PNG.
5. Idan waya ce kawai, a shimfiɗa hoton a inuwa mai haske, a kashe filasha, a riƙe wayar daidai saman hoton, a kashe tacen gyaran fuska. Manhajar PhotoScan ta Google tana taimakawa wajen kawar da ƙyallin gilashi.
6. A ɗauki bayan hoton shi ma.
7. Wajen turawa ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, domin turawa ta hanyar hoto tana matse shi.
8. A ajiye kwafin asali a wuri biyu, misali Google Drive da filashi, kuma kada a taɓa yin gyara a kansa. Duk gwajin manhaja a yi shi a kan wani kwafin.
9. Duk hoton da manhaja ta sa wa launi, a rubuta hakan a sunan fayil da ƙasan hoton.
10. Hoton takarda a ajiye shi nesa da rana, danshin damina da gara, kowanne a ambulan ɗinsa.

Akwai kuma batun mutunci. Matar da ta yi rayuwarta a kulle, hotonta na gida ne. Kafin a saka shi a Facebook ko TikTok, ya kamata a nemi yardarta in tana raye, ko ta 'ya'yanta. Manhajoji da yawa ma sukan tura hoto zuwa kwamfutocin kamfani ne kafin su yi aikin, don haka yana da kyau a karanta sharuɗɗansu.

Kammalawa

Hanya mafi inganci ta sanin launin zanen kaka ba ta buƙatar data. A kai hoton baƙi-da-fari wurin tsofaffin gida, kafin a nuna musu mai kala, domin launin manhaja na iya rikita tunaninsu. A tambayi sunan zanen, launinsa, wa ya saya, a wace kasuwa, don wane biki. A ɗauki muryarsu da waya a ajiye tare da hoton. Wani lokaci zanen kansa yana nan a ƙasan adaka, sai a shimfiɗa shi a ɗauke shi a hasken rana. Da wannan bayanin, mai iya Photoshop ko GIMP zai sa launin daidai da hannunsa, ya kuma rubuta sunan wadda ta ba da shaida. Tsofaffin da suka ga zanen da idonsu suna raguwa kowace shekara, don haka wannan mataki ne ya kamata ya riga sauran.